Sarkin Hausawa Ba Zai Iya Maye Gurbin Kansila Ba

Duk garin da muka sauka a Kudu, daga Sabon Ibadan zuwa Agege da Ama Hausa ta Owerri, abu uku muke fara kafawa: masallaci, sarauta, da ƙungiyar kasuwa. Su ke sauke baƙo, su raba gardamar bashi, su yi belin wanda aka kama. Ni a ganina sun riƙe mu da kyau, amma a tsakaninmu kawai. Dangantakarmu da masu gari da hukuma kuwa, sai wuta ta tashi ake tuna da ita.

Ku duba Shasha a watan Fabrairun 2021. Saɓani ne tsakanin mutum biyu a kasuwa, amma kafin a ankara an rasa rayuka, an ƙone shaguna, Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar, har gwamnonin Arewa suka zo Ibadan. Haka aka gani a Sagamu a 1999, da Mile 12 a 2016, da Ile-Ife a 2017. Inda shugabannin ɓangarori biyu suka saba zama tare tun ana lafiya, ƙaramar rigima a tebur take mutuwa.

Matsala ta biyu ita ce ƙuri'a. Tsarin mulkin 1999 bai ba sarakuna wani iko ba, balle Sarkin Hausawa. Magudanar ruwa, rabon rumfuna da harajin kasuwa, yawanci a ƙaramar hukuma ake yanke su. To amma da yawanmu katinmu yana Kano ko Sakkwato, alhali INEC ta yarda a sauya rumfar zaɓe. Ɗan siyasa ya san wannan sarai. Shi ya sa sai zaɓe ya matso yake zuwa fada da buhun shinkafa, a ɗauki hoto, shi ke nan sai baɗin baɗaɗa.

Kada a ce ba zai yiwu ba. A shekarun 1950, Malam Umaru Altine, Bafulatanin Sakkwato mai fataucin shanu, ya zama magajin garin Enugu na farko, saboda ya shiga NCNC ya yi aiki da mutanen gari.

Don haka shawarata ga sarakunanmu da limamai: a kafa kwamitin haɗin gwiwa da masu gari a kowace kasuwa, mai zama duk wata. A tura matasa su dawo da katinsu inda suke kwana. Wanda aka haifa a nan, yana jin Yarbanci ko Ibo, a tsayar da shi takarar kansila.