Mayakovsky na da gidan tarihi, Narambaɗa fa?

A 1912 Vladimir Mayakovsky, mawaƙi kuma mai zane ɗan Rasha, ya sa hannu a takardar da ta nemi a yi watsi da magabata irin su Pushkin. Ya kashe kansa a 1930, amma ɗakinsa na Mosko ya zama gidan tarihi.

Namu Ibrahim Narambaɗa na Tubali, ƙasar Shinkafi, bai yi wa magabata tawaye ba. Da kotso, a fadar Sarkin Gobir na Isa, ya sabunta harshe har ya bar mana Bakandamiya. To, ina aka adana shi? Dusassun kaset ɗalibaina suke nazarta. Dattawan da suka gan shi suna ƙarewa, ni kuwa 'yan bindigar hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi sun hana ni tura ɗalibi ya ji daga bakinsu.