Almajirin Intanet Ba Shi Da Mai Cigiya

Yau zancenmu a kan karatun nan na intanet ne, wanda samarinmu ke shiga da ɗoki, su fita ba sallama.

Akwai wani yaro maƙwabcina nan Kakuri, ɗan tsohon ma'aikacin masaƙa. Ubansa ya ci bashi ya biya masa kuɗin shiga, bai cika wata uku ba ya bari. Da na tambaye shi dalili sai ya ce, "Baba, ko na yi fashin sati biyu ba mai cigiyata."

Ba shi kaɗai ba ne. Cikin 2019 waɗansu masana a Amurka suka duba darussan intanet na jami'o'in Harvard da MIT, waɗanda mutane ke shiga daga ko'ina, suka tarar a shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018 kimanin mutum 3 cikin 100 ne kaɗai suka kai ƙarshe.

Waɗansu za su ce rashin wuta ne da tsadar data. Gaskiya ne, amma ni ina ganin mu da al'adarmu a ciki. Mun gaji karatun zaure, watau almajiri ya durƙusa gaban malami, ya biya, a gyara masa, abokai na saurare. In bai zo ba a aika gidansu. Ga kuma kunya: wanda aka hore shi kada ya ja magana da babba, ina zai iya rubuta wa malamin da bai taɓa gani ba cewa bai gane ba? Ga zumunci: ranar jarrabawa in ta gamu da suna ko ta'aziyya, kowa ya san wadda za a bari.

To, maganin yana gida. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da aka kafa nan Kaduna cikin 1976 ta daɗe tana koyar da malamai daga nesa, amma takan tara su a wuraren karatu su sadu da mai koyarwa ido da ido.

Saboda haka ina roƙon malaman Kakuri da Makera da Barnawa, kowa ya ba ɗaliban unguwarsa zaure ran Asabar, ya riƙa tambayarsu inda suka tsaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya sa mu dace, amin.