Dusar Da Muke Zuba Wa Awaki

A damanar bara jiri ya kwashe gwaggona ta faɗi a tsakar gida tana cikin tankaɗe. Da aka kai ta asibiti a Birnin Kebbi aka auna ta, sai aka tarar jininta ya hau har 180 bisa 110, alhali kuwa daga 140 bisa 90 likitoci ke cewa mutum yana da hawan jini. Aka ba ta magani, aka ce ta rage gishiri, ta kuma rage ƙiba. Da muka komo Gwadangaji mata suka cika ɗaki ana ta yi mata sannu, sai na ji ta ce, "Ai gado ne. Shi ya ɗauki Inna, ni ma shi zai ɗauke ni. Don me zan wahalar da cikina?" Kowa ya ce haka ne. Ni yarinya ce, ban isa in sa baki cikin zancen manya ba, shi ya sa na kawo tawa maganar wannan fili.

Gwaggo ba ta yi ƙarya ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Masana sun ƙiyasta cewa kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na bambancin hawan jini tsakanin mutane daga gado yake. To, amma sauran fa? Sauran yana cikin tukunyarmu, da nauyin jikinmu, da yawan zamanmu wuri ɗaya. Wanda ya gaji gona a bakin gulbi ya san ruwa na iya cin ta, amma ba ya naɗe hannu, sai ya yi mata jinga.

A wurinmu idan mace ta yi ƙiba sai a ce ta samu hutu, mijinta na kula da ita. Ba mu tuna cewa kowane ƙarin nama ƙarin aiki ne ga zuciya, domin dole ta tura jini ya kai ko'ina. An gano cewa duk kilo ɗaya da mai ƙiba ya rage, jininsa kan sauka da kamar maki ɗaya. Kilo biyar ba ƙaramin sauƙi ba ne.

A nan ne dusa ta shigo. Akwai wani ɓangare na abinci da hanjinmu ba ya narkarwa, wanda ake kira harza. Ana samun ta a dusar hatsi, da wake, da gurjiya, da ganyaye, da 'ya'yan itace irin su gwaba da goruba. Tana cika ciki, mutum ya ƙoshi da wuri kuma ya daɗe bai ji yunwa ba. Tana rage saurin shigar sukari cikin jini. Wani likita mai suna Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Uganda, ya lura cewa ƙauyawan Afirka masu cin hatsi da dusarsa ba su faye kamuwa da wasu cututtukan da suka addabi Turawa ba, har ya rubuta littafi a kan haka a 1979. A 1997 kuma aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka da mutum 459. Waɗanda ke da hawan jini a cikinsu, da aka sa su cin abinci mai yawan ganye da 'ya'yan itace da ƙarancin kitse na mako takwas, jininsu ya sauka da kamar maki 11. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya riƙa samun aƙalla giram 25 na harza kullum. Gishiri kuwa ta ce kada ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya.

Yanzu mu dubi gidajenmu. Allah ya albarkaci fadamar Rima da shinkafa, tun daga Argungu har Birnin Kebbi, kuma muna alfahari da ita. Amma mun fi son wadda inji ya goge ta yi fari fat. Surfe tsohuwar al'ada ce, sai dai turmi ba ya kwashe dusa kamar inji. Da safe burodi, da rana farar shinkafa da mai, da dare taliya da dunƙule uku a miya. Kwaɗon zogale da rama da tafasa mun mai da su abincin talaka. Dusar kuwa mu zuba wa awaki. Wani lokaci nakan ce akuyar gidanmu ta fi mu cin abinci mai kyau.

Ba cewa nake yi dusa za ta maye gurbin magani ba. Wadda likita ya ɗora a kan magani ta sha shi kullum, ko da tana jin garau, domin hawan jini ba ya sallama kafin ya yi ɓarna. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Iyayenmu maza, ku riƙa haɗa wake da ganye cikin cefane, ku kuma kai iyayenmu mata awon jini. Mu 'yan mata da muke taya girki, mu sassauta surfe, mu zuba wake cikin shinkafa, mu rage dunƙule mu koma ga daddawa.

Ni dai na fara. Kowace Jumma'a nakan kai wa Gwaggo kwaɗon zogale, ta ci tana yi mini tsiya wai na zama likita. Ban damu ba, domin idan gado ne, ni ma ina cikin magada.