Waƙar da ke cikin memorinka, wa ya yi ta?

Ɗauko wayarka ka buɗe wajen waƙoƙi, ka ƙirga guda nawa ne ba su da sunan mai su. Wata lamba ce kawai, wata an rubuta mata "sabuwa", wata kuma sunan mai turi ne da lambar wayarsa. Haka muke karɓarsu ran kasuwar Ɗambatta ko Bichi, ka miƙa 'yan canji a cika maka memori, ka dawo gida ka tura wa abokai ta Xender. Wanda ya kwana a situdiyo yana haɗa kiɗan, ko sisi bai gani ba, sunan nasa ma ya faɗi a hanya.

Akwai wani ƙaramin kamfanin faifai mai zaman kansa a birnin Portland na Amurka, sunansa Sahel Sounds, wanda Christopher Kirkley ya kafa. Da irin wannan memori namu ya yi suna. A 2011 ya fitar da Music from Saharan Cellphones, waƙoƙin da ya kwafa daga wayoyin mutane a arewacin Mali, sannan ya bi sawu ya nemo masu su ya biya su. Mdou Moctar na Nijar yana cikinsu, yau kuwa yawon duniya yake da jitarsa. A 2013 kamfanin ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa, har da muryar Fati Nijar a ciki. I, waɗannan dai da wasunmu ke kashewa idan 'yan birni sun shigo mota.

Amma labarin Mamman Sani ne ya fi tsaya min a rai. A 1978 ya shiga gidan rediyon Nijar da ogan ɗinsa na lantarki ƙirar Italiya, ya naɗi kaset. Kwafi ƙalilan aka buga. Shekara da shekaru ana sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin, kowa ya san sautin, kaɗan ne suka san mai shi. Sai a 2013 Sahel Sounds ta sake fitar da kaset ɗin da sunan La Musique Électronique du Niger, bawan Allah ya fara hawa dandamali a Turai bayan ya haura shekara sittin. Shekara 35 ke nan tsakanin naɗi da yabo. Mu da ke ƙorafi idan bidiyonmu ya kwana biyu bai tashi a TikTok ba, sai mu yi shiru.

Na san abin da za ka ce: Bature ya zo ya kwashe namu yana sayarwa da dala. Akwai gaskiya a ciki. Da wuya ka ga faifan nan a hannun ɗan Makoɗa ko Kunci, kuma abin haushi ne a ce sai an yaba abu a Portland kafin mu ɗaga kai mu dube shi. To amma mutumin ya rubuta suna, ya nemi izini, ya raba kuɗi. A 2020 ma, kowane wata mawaƙi yakan naɗi waƙoƙi da waya ya aika ta WhatsApp, a sa a Bandcamp, kuɗin cinikin ya tafi wurin mawaƙin. Waya ce fa, irin wadda ke hannunka yanzu. Cikin ukun nan, suna da izini da kuɗi, wanne muke yi?

A ƙauyenmu akwai wani tsoho mai gangar noma. Da, in an yi gayya, shi ke tsayawa a bakin gona yana zuga samari da kirari, kowa na gudun a wuce shi a kunya. Yanzu gayyar ta yi ƙaranci, mai noman firi da abin saurare a kunne yake sunkuyawa, 'ya'yan tsohon kuma babu wanda ya ɗauki gangar. Na bincika wayoyin abokaina, wallahi ko minti ɗaya na kiɗansa babu. Tawa ma babu, kada ka ce na ware kaina.

Don haka in ka je gida daminar nan, nemi irinsa a garinku, ko mai kalangun mahauta, ko tsohuwar da ta iya waƙar daka. Gaishe shi, ka gaya masa abin da za ka yi da naɗin, in ya ƙi ka haƙura. In ya yarda, kashe rediyon da ke kusa, ajiye wayar ta ɗan yi nesa da bakin gangar don kada sauti ya fashe. Kafin ka tura wa kowa, rubuta sunansa da garinsa da shekarar a jikin fayil ɗin. In an turo maka waƙa da suna, kada ka goge. In kuma Allah Ya sa abin ya kawo kuɗi, ko na kati ne, kasonsa za ka fara cirewa ka kai masa har gida.