Ɗan wasan da bai bar gida ba

A shekara ta 2007, wani ɗan wasa na ƙasar Irlanda mai suna Declan Browne ya aje takalman wasa, alhali bai kai shekara 30 da haihuwa ba. Ya yi fiye da shekara 10 yana yi wa lardinsu na Tiperari hidima, amma ya sauka ba tare da ya taɓa ɗaga babban kofin ƙasa ba, ko ma na yankinsu. Mai lissafi da kofi zai ce basira ce ta tafi a banza. Wannan hukunci bai yi daidai ba.

Da farko ya kamata mai karatu ya san irin wasan. Ƙwallon Galik wasa ne na gargajiyar mutanen Irlanda. Mutum 15 ne a kowane gefe, kuma ana bugawa da ƙafa da hannu. In ƙwallo ta shiga raga, maki 3 ke nan. In ta bi ta bisa sandar raga tsakanin ginshiƙai biyu, ita ma akwai makinta. Ƙungiyar GAA, wadda aka kafa a 1884 a garin Thurles cikin Tiperari, ita ke kula da shi. 'Yan wasa ba su da albashi. Malamin makaranta da manomi da ma'aikaci su ne ke shiga fili bayan sun tashi aiki, kuma bisa al'ada kowa lardinsu ya ke yi wa wasa. Sabili da haka, wanda aka haifa a lardi mai ƙarfi kamar Keri, mai kofin ƙasa fiye da 35, ya tarar da hanya a share. Wanda aka haifa a lardi mai rauni kuwa, sai haƙuri.

Tiperari ya yi suna a wasan sanda da ake kira hurling, amma a ƙwallo rabonsa da kofin ƙasa tun na 1920, rabonsa da kofin yankin Munster kuwa, a zamanin Browne, tun 1935. Shi kansa Browne ya iya wasan sanda, har ya ci kofin ƙasa na samari a 1996. Duk da haka ƙwallo ya riƙa. A 1998, yana da shekara 20, ya shiga sahun gwanaye 15 da ake bai wa lambar All Star kowace shekara, abin da wani ɗan ƙwallon Tiperari bai taɓa samu ba kafinsa. Ya sake samun ta a 2003. A 2002 lardinsa ya yi kunnen doki da Kork a wasan ƙarshe na Munster, da aka sake karawa kuwa ya sha kashi ƙwarai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya samu na ɗagawa shi ne kofin Tommy Murphy na ƙananan lardodi, a 2005, a filin Croke Park na Dublin, yana madugun 'yan wasa.

Akwai masu ganin da ma ya yi ƙaura. Hujjarsu ba ta rasa tushe ba: Larry Tompkins ya bar Kildare ya koma Kork, ya kuma ci kofin ƙasa a 1989 da 1990, kuma ba wanda ya isa ya zarge shi. Amma in kowane gwani ya bi wannan hanya, lardi mai rauni ba zai taɓa miƙewa ba, domin yara ba za su ga wanda za su yi koyi da shi ba. Samarin Tiperari da suka ka da Dublin suka ɗauki kofin ƙasa na 'yan ƙasa da shekara 18 a 2011, ƙanana ne lokacin da Browne ke tashe. Waɗansu daga cikinsu, kamar Michael Quinlivan, suna cikin waɗanda suka ka da Kork ranar 22 ga watan Nuwamba 2020, suka maido da kofin Munster bayan shekara 85. Ba Browne kaɗai ya gina wannan ba, akwai malamai da masu horo da yawa, amma shi ya nuna wa yaran cewa rigar lardinsu ba abin kunya ba ce.

Sai dai yabo kaɗai bai isa sakayya ba. Mutumin da ya ba da ƙuruciyarsa kyauta ya cancanci gasar da zai iya ci. Kofin Tommy Murphy bai daɗe ba, an daina shi bayan 2008, kuma sai a 2022 aka kafa kofin Tailteann domin lardodin da ba su kai sahun gaba ba. Wajibi ne shugabannin wasa su riƙe shi da daraja, su kuma taimaki ƙananan lardodi da kuɗi da masu horo, don kada gwanin gobe ya gaji ya aje takalmi tun ƙarfinsa bai ƙare ba.