Gargaɗi ga Masu Cin Dukiyar Mata Ranar Saki

Da sunan Allah muke farawa. Godiya ta tabbata gare Shi, Shi da Ya halatta aure, Ya halatta rabuwa, Ya haramta zalunci a cikin su biyun. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wagga takarda zuwa ga malamai da almajirai na ƙasar Rima, tun daga Wurno har Rabah da Goronyo. Ku sani, ya 'yan'uwa, wata mugunyar al'ada ta yi jijiya a cikinmu har ta zamo ba a ƙyamarta. Mutum shi saki matarsa da hantsi, kafin azahar an fid da ita, shi riƙe tumakinta, shi riƙe akwatin lefe, kuɗin adashinta da ya ranta ya sayi taki lokacin dashen albasa shi ce ba a maganarsu, hujjarsa duka ita ce abin da ke cikin gidansa nasa ne. Wanga cin dukiyar mutane ne da ɓarna, kuma ga bayaninsa daga littattafan da ku da kanku kuke karantarwa a zaurukanku.

Fasali na farko, a kan asali. Aure ba ya gama dukiya. Abin da mace ta shigo da shi, da abin da ta gada, da abin da ta samu da hannunta na ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da surfen shinkafa, milkinta ne, kuma abin da tunkiyarta ta haifa nata ne. Iyakar abin da mazhabar Maliku ta ba miji shi ne shi hana ta kyautar da abin da ya wuce sulusin dukiyarta. Ikon hana kyauta dabam, mallaka dabam.

Fasali na biyu, a kan sadaki da lefe. Idan an tare, sadaki duka ya tabbata nata. Idan ya sake ta kafin tarewa alhali an ambaci sadaki, rabi ne nata, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara. Abin da anka jinkirta daga sadaki bashi ne bisa wuyansa, saki ba ya kayar da shi. Kyautar da anka sharɗanta domin ɗaurin aure tana bin hukuncin sadaki, saboda haka wanda ya zauna da mace shekara bakwai sa'an nan ya ce a ƙirgo masa zannuwan lefe, ba shi da tsinke a ciki. Suratun Nisa'i ta hana a karɓe kome daga abin da anka ba su, ko da tsibin dukiya ne.

Waɗansu kuwa sun iya dabara. Ba su saki, sai su ƙuntata: su hana ci, su ƙaurace ma ɗaki, su yi duka, har mace ta gaji ta ce a karɓi dukiya a sauwaƙe mata, sa'an nan su kira shi hul'i. Mai Risala, Ibnu Abi Zaidi, da Shaihu Halilu cikin Muhtasar sun toshe wagga ƙofa: idan ta tabbata cutarwa ce ta sa ta fanshi kanta, sakin ya auku, kuma a mayar mata da abin da ta biya. Hul'i na macen da ta ƙi zama ne ba da an cuce ta ba. Kuma wadda anka yi ma sakin kome tana da ci da wurin kwana har iddarta ta cika, Suratuɗ Ɗalaƙi ta hana a fitar da ita daga ɗakinta. Mai ciki tana da ciyarwa har ta haihu, ko da sakin ba na kome ba ne. Kyautar sallama da ake kira mutu'a mustahabbi ce, amma wa ke tuna mustahabbi a inda anka tattake wajibi?

Fasali na uku, a kan kayan gida da wahalar hannu. Halilu ya hukunta cewa idan miji da mata sunka yi jayayya a kan kayan gida kuma babu shaida, abin da anka saba na mata ne a ba mace da rantsuwarta, abin da anka saba na maza ne, ko wanda ya dace da su biyun, a ba miji da rantsuwarsa. Ku lura da wanga wuri, domin nan mata ke faɗuwa. Gado da tasoshi ba su da wuyar ganewa, amma buhun shinkafa da akuya da injin ban ruwa da ta sa kuɗinta a ciki, idan ba ta da shaida, rantsuwar miji na iya tafiya da su. Alƙali da zahiri yake hukunci, hukuncinsa kuwa ba ya mayar da haram halas ga wanda ya san ƙarya ya rantse.

Ga wata mas'ala da masu cewa wahalar mace ba ta da kima ya kamata su sake dubawa. Halilu ya ce zaren da anka samu a gida na mace ne, sai fa idan ya tabbata abin da anka kaɗa na miji ne, to sun zama abokan tarayya, shi da kimar kayansa, ita da kimar kaɗinta. Idan kaɗin zare ya sa mace ta zama mai rabo, yaya za a ce wadda ta shekara goma tana turara shinkafar fadama, tana surfawa, tana aika ta kasuwa, har anka sayi shanu da ribar, ba ta da ko a tambaye ta? A ƙasar Maroko, cikin duwatsun Gumara, malami Ahmadu ɗan Arduna, wanda ya rasu a 992 ta Hijira, wato 1584, ya yi fatawa cewa matan da ke aikin girbi da sussuka suna da rabo cikin amfanin. Waɗansu malaman Fas ba su bi shi ba, mun sani, amma Malikiyya ne suka yi wanga saɓani a tsakaninsu, ba baƙi sunka kawo shi ba. Dokar iyali ta Maroko ta 2004 ta bar kowa da dukiyarsa, ta kuma ce alƙali shi duba aikin da kowannensu ya yi wajen haɓaka abin da anka tara.

Fasali na huɗu, a kan bashi. Bashin miji ba ya hawa kan mata, nata ba ya hawa kansa, sai wanda ya lamunce da bakinsa. Saboda haka ɗan kasuwar da ya ba miji taki bashi ba shi da hanyar kama tumakin matar. Abin da miji ya ranta a hannun matarsa bashi ne kamar na kowa. Idan ya bar ciyar da ita alhali yana da hali, ta ci da kanta, wannan ciyarwa tana bin sa. Idan kuwa ita ta ciyar da shi ba da nufin kyauta ba, Halilu ya ce ta koma masa da abin da ta kashe ko da matalauci ne, in dai babu almubazzaranci. Ciyar da 'ya'ya na kan uba ko suna hannun uwarsu. Kalmar saki igiyar aure take kwancewa, ba ta wanke allon bashi.

Fasali na biyar, jawabi ga masu gardama. Idan ka ce, ai ni na ci da ita shekara da shekaru, sai mu ce ciyarwa wajibinka ce da ka ɗauka ranar ɗaurin aure, wanda ya biya wajibi kuwa ba ya bin kowa bashinsa. Idan wani ya ce, to a raba kome biyu kamar yadda kotunan Ingila kan fara lissafi, sai mu ce wanga ma ba hanyarmu ba ce, domin sai shi ba malalaci rabin gumin mai sana'a, namiji ne ko mace. Kuma dangin mace da ke zuwa kwasar kaya su haɗa da tabarmar miji da hatsin rumbunsa don huce haushi, su ma sun ci haram. Shari'a ba ta goyon jinsi, mai haƙƙi take goyo.

Mafi girman laifi yana kanmu, mu masu tawada da alƙalami. Malam shi rubuta takardar saki cikin layi uku, shi karɓi sadakarsa, bai tambayi saura nawa ne na sadaki ba, bai tambayi ina za ta yi idda ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo cikin Nurul Albabi ya zargi malaman zamaninsa da barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, suna yi musu wa'azin biyayyar miji, ba su sanar da su abin da Allah Ya wajabta. Ɗiyarsa Nana Asma'u ta tura jajis ƙauye ƙauye don su karantar da mata. Muna ziyarar kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno, inda ya rasu a 1837, muna alfahari da gadonsu, alhali macen da ke bayan katangar makarantarmu ba ta san tunkiyarta tata ba ce. Tun 2000 Jihar Sakkwato ta faɗaɗa aiki da Shari'a, amma kotu ba ta amfanin wadda ba ta san tana da ƙara ba.

Abin da muke kira gare shi abu uku ne. Na ɗaya, ranar kai amarya a rubuta jerenta da dabbobinta gaban shaidu biyu, kowane ɓangare shi riƙe takarda. Na biyu, duk rance tsakanin miji da mata a rubuta shi, domin ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, ba ta kuwa togace ma'aurata ba. Kunya ba hujja ce ba gaban alƙali. Na uku, kada malami shi rubuta takardar saki face ya zaunar da waliyyin mace da miji an ƙirga sadaki da bashi da ciyarwar idda da ta 'ya'ya. Wanda ya riga ya ci, shi mayar tun yana da abin mayarwa, domin akwai ranar da ba a biya da naira, da ladan mutum ake biya.

Allah Shi nuna muna gaskiya Shi ba mu ikon binta. Wanda ya karanta shi karanta ma wanda bai iya ba, kuma a shigar da ita cikin gida mata su ji. Allah ne Mafi sani.