Kumburin Hanji Ya Warke, Ciwon Ciki Bai Tafi Ba: Me Binciken Ɓeraye Ya Gano?

Idan ka taɓa yin gudawa mai tsanani ko atuni, ka sha magani ka warke, amma murɗawar ciki ta ƙi barinka, wataƙila an yi maka gwaje-gwaje an ce ba a ga komai ba. Binciken da masana ke yi a kan ɓeraye yana bayyana dalili.

Tun 1988 Ness da Gebhart a Amurka suka tsara hanyar auna zafin hanji: ana sa ƙaramar balan-balan a babban hanjin ɓera, a hura ta sannu a hankali, a auna yadda naman cikinsa ke ɗaurewa. Idan aka fara jawo wa hanjin kumburi da sinadari irin TNBS, iska kaɗan ta isa ta sa ɓeran ya murɗe. A 2009 masu bincike a Adelaide ta Ostareliya suka nuna cewa kwana 28 bayan kumburin, hanjin ya warke, amma jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo suna nan a harzuƙe.

Dalili kuwa shi ne, lokacin kumburi ƙwayoyin garkuwar jiki suna zubo sinadarai irin su histamin, waɗanda ke ƙara wa bakin jijiyoyin saurin ji. Cikin ƙofofin da abin ke shafa akwai TRPV1, wadda ke sa ka ji yajin barkono. Gano ta na cikin aikin da ya kai David Julius ga lambar yabo ta Nobel a 2021. Idan saƙon ya yawaita, lakar baya ma takan riƙa zuzuta shi, har iska ko wucewar bayan gida su zama ciwo.

An ga irin wannan a mutane. Bayan gurɓacewar ruwan sha a garin Walkerton na Kanada a 2000, da yawa cikin waɗanda suka kamu sun shekara suna fama da cutar IBS. Sai dai ɓera ba mutum ba ne, kuma maganin da ya yi aiki a kansa ba lallai ya yi maka ba.

Saboda haka ciwonka na gaske ne ko da gwaji bai nuna kumburi ba. Maimaita Flagyl daga kemis ba zai kwantar da jijiya ba. Diclofenac da ibuprofen na iya tayar da kumburin hanji, tramadol kuma yana kawo taurin bayan gida, yana iya ƙara ciwon. Akwai magungunan da ke rage kaifin jijiyoyin, amma likita ne zai rubuta maka.

Ka garzaya asibiti idan ka ga jini a bayan gida, ko kana ramewa, ko zazzaɓi ya ƙi sauka, ko gudawa na tashinka cikin dare, ko ciwon ya soma bayan ka haura shekara 50.